Mun dasa 200 saura 17, wai akwai amfani kuwa?

Abban Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya, na ce bari na kawo ta zauren nan ko zan samu mai wayar min da kai. Bara cikin watan Agusta ni da samarin unguwarmu muka yi karo-karo muka sayo dashe guda 200, yawanci maina, wato darbejiya a bakin Kanawa, da turare sai 'yan mangwaro, muka dasa a bakin titi da filin firamare da cikin maƙabarta. Mun ɗau hotuna mun saka a Facebook jama'a suka yi ta sa mana albarka. Jiya bayan la'asar na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafata na ƙirga, 17 ne kawai ke da rai, kuma 11 daga ciki na maƙabarta ne inda akwai katanga. Wlh jikina ya yi sanyi. Da na dawo gida nake faɗa wa yayana sai ya ce dama wahalar banza muke, masu lalata duniya suna can Amurka da Sin da Turai suna ta hura hayaƙi mu an bar mu da jarka muna ban ruwa. Maganar ta min zafi amma na rasa amsar da zan ba shi. To ga damina tana ƙaratowa yaran suna tambaya ko za mu sake. Dan Allah ku faɗa min gaskiya, akwai nauyin da ke kan mutum ɗaya irina a wannan batu na sauyin yanayi ko kuwa yaudarar kanmu muke?

Injiniya Bash:
Wa'alaikumussalam. Abba kar ka ji haushi amma yayanka ya fi ka gaskiya. Duk nahiyar Afirka, mutum sama da biliyan ɗaya, hayaƙin kabon da muke fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Sin ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 30, in kuma aka tattara tun daga lokacin da aka fara ƙona kwal a masana'antun Ingila to Amurka ce kan gaba. A 2017 an fitar da rahoton da ya nuna kamfanoni 100 na mai da gas da kwal su ne tushen kashi 71 na hayaƙin masana'antu tun daga 1988. Kuma wannan maganar ta wai kowa ya lissafa nasa hayaƙin, kamfanin mai na BP ne ya zuba kuɗi ya tallata ta wajen 2005, don ido ya tashi daga kansu ya koma kan talaka da babur ɗinsa. Ko nan gida ka je Neja Delta ka ga yadda ake ƙona gas dare da rana shekara da shekaru. Sai a zo a ce wa mutumin Gumel da ko wutar nepa ba ya gani wai shi ma ya ɗau alhaki? Haba. Wanda ya ci ladan kuturu ai shi zai masa aski.

Maman Hanifa:
Injiniya ba na musu da lissafinka, amma ni dai zafin da muka sha a azumin 2024 bai tsaya tambayar waye ya jawo shi ba. Gidan haya muke a Kano, mai gidan ya sare darbejiyar ƙofar gida ya gina shago biyu, tun daga ranar ɗakin yarana ya koma kamar tanda, sai na jiƙa zani na rufa musu kafin su yi barci. Layin bayanmu da ba a sare nasu ba in ka shiga da rana sai ka ɗauka wani gari ka je.

Baba Malamin Daji:
Abba ɗana, kafin a tafi Amurka da Sin bari na tambaye ka. Wa ya ba su ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu? Da me kuka kewaye su? Kowace bishiya da sunan wa aka dasa ta?

Abban Gumel:
Baba gsky ban ruwa mun yi kamar na wata biyu, da aka koma makaranta kowa ya kama gabansa. Kewayewa kuma kuɗin bai kai ba, 'yan kaɗan muka sa wa ƙaya. Suna kam ba sunan kowa, na ƙungiya ne duka.

Baba Malamin Daji:
To ka ga akuya da ƙishirwa da gara ne suka kashe muku su. Shekara 31 na yi ina aikin gandun daji, tun Jigawa tana cikin jihar Kano kafin a raba a 1991, kuma abin da ya same ku na gan shi ya fi a ƙirga. Na farko Agusta ya yi latti a wajenku. Ruwan Gumel yana ɗaukewa ƙarshen Satumba, dashen da aka sa a Agusta saiwarsa ba ta kama ƙasa ba rani zai riske shi. Farkon Yuli ake dasawa da zarar ƙasa ta sha ruwa sosai, a haƙa rami mai zurfi kamar kamu ɗaya, a zuba ruɓaɓɓen taki da toka saboda gara, a yaga ledar a cire ta gaba ɗaya, don na sha ganin an binne dashe da ledarsa. Na biyu turare bishiya ce mai shan ruwa kuma gara na sonta tana ƙarama, mangwaro kuwa a bakin titi ai abincin awaki kuka kai musu, cikin gida ake sa shi kusa da inda ake alwala ko wanke-wanke.

Amma babbar matsalar ita ce ta ukun. A zamaninmu duk shekara ana bikin dashen itatuwa, a kafa rumfa a kawo makaɗa, babban baƙo ya karɓi sabon shebur ya dasa guda ɗaya a tafa, mu kuma a ba mu dubbai mu dasa cikin kwana uku. Kuɗin biki yana fitowa, kuɗin mai gadi da tankar ruwa ba ya fitowa. In ka koma watan Maris sai ka tarar da ramuka. Waɗanda suka rayu har yau kuke shan inuwarsu su ne waɗanda muka raba wa magidanta da limamai da hedimastoci muka ce taka ce. Yaro ake haifa a rana ɗaya amma reno shekaru ne, ita ma bishiya rani biyu take so a tsaya mata, in ta wuce wannan ta gama da kai.

Sani Mai Shayi:
Ni fa duk wannan surutun sauyin yanayi ban yarda da shi ba. Zafi da ruwa da fari duk na Allah ne. Tun kakanninmu ana fari, an yi na 1973 lokacin motoci nawa ne a ƙasar nan? Turawa ne kawai suka ƙirƙiro don su hana mu haƙo man Kolmani.

Ustaz Nura:
Malam Sani Allah ya yi maka albarka, komai da ikon Allah yake faruwa, wannan ba mai ja. Amma shi Allah ɗin ne ya ce a suratur Rum aya ta 41 ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Cuta ma da ikon Allah take zuwa amma in ɗanka ya kwanta kana kai shi asibiti. Game da tambayar Abba kuwa, ya tabbata daga Annabi SAW cewa babu musulmin da zai dasa dashe ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka gare shi. Ka ga har akuyar da ta ci mangwaronku ba ku tashi a banza ba. Akwai kuma hadisin da ya ce in alƙiyama za ta tsaya alhali a hannun ɗayanku akwai dashen dabino, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. Mutumin da ya ga tashin duniya ya san ba zai ci dabinon ba, ba wanda zai ci, amma aka ce ya dasa. Saboda haka hujjar cewa aikina ba zai canja duniya ba ba ta sauke wa mutum nauyi. Sayyidina Abubakar ma da zai tura runduna yaƙi cikin wasiyyarsa har da kada su sare bishiya mai 'ya'ya. A fagen yaƙi fa kenan, balle don a gina shago.

Injiniya Bash:
Allah gafarta Malam, lada daban lissafi daban. Ban ce ba lada ba. Malam Sani kuma a nan mun rabu, abin gaskiya ne, iskar kabon a sama ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420, wannan aunawa ake ba hasashe ba. Ana fari tun da, eh, amma yanzu zafin ya ƙaru, ruwan kuma in ya zo sai ya zubo na sati biyu a dare ɗaya.

Ɗan Tibiri:
Salamu alaikum 'yan uwana na Najeriya. Ni daga yankin Maraɗi nike, na daɗe ina karatu a zauren ga ban taɓa magana ba, amma wagga magana tamu ce. Abba ƙanena, abin da ya same ku mu ya same mu tun kahin a haihe ka. Sadda nike yaro gonakinmu fayau suke, in manomi zai yi sharar gona sai ya sare duk wani tsiro ya tara ya sa wuta, ana ganin gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Sai iska ta taso farkon damina ta binne hatsi da rairai, ka yi shuka sau biyu sau ukku kahin ta kama. Matanmu su yi tahiyar rabin yini neman icce, in babu su dafa tuwo da kara da kashin shanu, wanda kuma shi ne takin gona. Furoje iri-iri sunka zo sunka dasa dubban itace, mahi yawa sunka mutu kamar naku.

Akwai wani bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maraɗi a wancan lokaci, shi ma ya yi ta dashe yana hasara har ya kusa haƙura. Wajen 1983 sai ya lura cewa 'yan tsiron nan da muke sarewa duk shekara toho ne na kututturen itacen da anka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Kenan ba sai ka sayi dashe ba, ba sai ka ɗauki jarka ba. Ka je gonarka ka sami kututturen sabara ko kalgo ko geza ko gawo da ya yi toho goma ko ashirin, ka zaɓi ukku zuwa biyar masu ƙarhi miƙaƙƙu, ka datse sauran da wuƙa mai kaihi, ka rage rassan ƙasa, shikenan. Duk ƙarhin saiwar sai ya koma kan waɗanda ka bari. Cikin shekara biyu ukku ya hi ka tsawo. Mu sassaben zamani muke ce mashi.

Da farko mutane dariya suka riƙa yi ma masu yi, ana ce masu masu ƙazamar gona. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda muke kira El-Buhari don ta zo sadda gwamnatin Buhari ta ruhe iyaka, anka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Da yunwa ta wuce da yawa sunka sare nasu, amma waɗanda sunka bari anka ga hatsinsu bai ragu ba, ga icce ga abincin bisashe, sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, kuma manoma ne da hannunsu sunka yi. A 2018 an ba Rinaudo babbar kyauta ta duniya tare da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin nan mai gina ramukan tara ruwa da taki, irin waɗanda mutanen Tawa ke ce ma tassa.

Baba Malamin Daji:
Malam na Tibiri ka faɗa musu maganar doka, don ita ce ƙashin bayan abin.

Ɗan Tibiri:
Gaskiya ne Baba. Tun zamanin Faransa icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka yake. In ka sare reshe ma'aikacin daji ya kama ka tara ce. To wa zai bar abin da zai jawo mashi tara ya girma a gonarshi? Tun yana ƙarami ake kashe shi. Da hukuma ta sassauta, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara ba manomi haƙƙi kan itacen gonarshi, sai mutane sunka fara tsaron icce kamar yadda suke tsaron akuya. Gawo kuwa dama mun san darajarshi, shi kaɗai ke zubda ganye da damina ya yi ganye da rani, ba ya tare ma hatsi rana, ganyenshi taki ne, 'ya'yanshi abincin tumaki. Je ka duba gero ƙarƙashin gawo ka duba na nesa da shi. Dattawa na faɗin Sarkin Damagaram Tanimu ya taɓa yin doka wanda duk ya sare gawo a bakin ranshi.

Injiniya Bash:
Malam na ji daɗin wannan bayani wlh, ban san shi dalla-dalla haka ba. Amma ku lura maganata ya ƙarfafa, sai da doka ta canja abin ya yiwu, wato hukuma ce mabuɗi. Sannan da duk itacen nan miliyan 200, ambaliyar 2024 ta bar Maraɗi? Ai tana cikin inda aka fi rasa rayuka, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe a watan Satumba. A wannan watan dai, ranar 10, madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. A 2022 sama da mutum 600 suka mutu a ambaliya a Najeriya, Jigawar su Abba tana cikin waɗanda suka fi ji a jiki. Wace maina ce za ta tare wannan? A taron sauyin yanayi na Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020, ba su cika a kan lokaci ba kuma mafi yawa bashi ne. A irin wannan taro na Baku a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi sama da tiriliyan ɗaya aka tsaya a biliyan 300. Amurka sau biyu tana ficewa daga yarjejeniyar Paris ta rage hayaƙi. Nan ya kamata ƙarfin matasa ya tafi.

Zee Damaturu:
Yaya Bash to kai me ka yi a kai? Ka rubuta wa ɗan majalisarku? Don na lura masu cewa laifin manya ne yawanci ba sa dashen kuma ba sa zuwa wajen manyan, suna zaune ne kawai. Ni na je Yusufari na ga tudun rairayi da idona ya tunkaro gonaki da kwarin da ake noman dabino, mutanen wajen ba za su jira Baku ba. Kuma wa ya ce mai dashe ba ya gwagwarmaya? Wangari Maathai ta Kenya da dashe ta fara a 1977 tare da matan ƙauye, kuma Baba zai so wannan, sai dashen ya rayu ake ba mace ɗan ihsani, ba ranar dasawa ba. Daga nan ne ta tsaya ta hana gwamnatin shugabansu Moi gina dogon bene a filin shaƙatawa na Uhuru a 1989, a 1999 aka fasa mata kai a dajin Karura saboda ta je dasa bishiya inda manya suka raba wa kansu fili, a 2004 ta karɓi kyautar Nobel. Wanda ya sha wahalar ban ruwa shi ne yake jin zafi in aka zo sarewa.

Mu a nan abin tambaya ya yi yawa. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin babbar katangar bishiyoyi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti kusan kilomita 8,000, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 mai aiki a jihohi 11 har da Yobe da Jigawa. A 2019 marigayi Buhari ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya za a dasa bishiya miliyan 25. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 na shirin ACReSAL mai farfaɗo da ƙasar noma don jihohin arewa 19 da Abuja, kuma bashi ne da mu za mu biya. Abba ya fita da ƙafarsa ya ƙirga 17 cikin 200 ya zo ya faɗa a fili. Irin wannan ƙirgar nake so mu nema a kan kowane shiri, nawa aka dasa, a ina, nawa ke raye bayan shekara biyu.

Injiniya Bash:
Ƙanwata ba zaune nake ba, a gidana akwai zogale da lemun tsami da dabino biyu, sola nake amfani da ita shekara huɗu. Abin da ba na so shi ne a ɗora wa talaka laifi, da kuma dashen hoto. Turkiyya ta dasa miliyan 11 a rana ɗaya a Nuwamban 2019, bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gandun dajinsu ta ce mafi yawa sun bushe. Amma maganar ƙirga na yarda da ke ɗari bisa ɗari.

Maman Hanifa:
Tunda an zo maganar laifin talaka bari na faɗi nawa. Ni da gas nake girki har aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kilo ya haura naira dubu, ina da yara biyar ga wake ga tuwo, dole na koma kurfoti. Duk lokacin da na sayi gawayi na san wata bishiya ce aka kayar a wani daji, raina ba ya so, amma in ce wa yara su ci me? Lokacin wahalar kananzir iyayenmu murhun Abacha suka koma da ɗiɗɗigar katako, mu kuma ga mu a gawayi. Abin da na iya shi ne ina jiƙa wake tun dare, ina rufe tukunya, in na gama na kashe garwashin da ruwa na shanya. Buhun da yake min sati uku yanzu yana kai wata.

Ɗan Mai Gawayi:
Hajiya na gode da kika faɗi haka don kullum mu ake zagi. Mahaifina gawayi yake sayarwa, da shi ya biya min makaranta har na gama difloma. Amma ba zan ɓoye ba abin yana ba mu tsoro mu ma. Da daga kusa ake kawowa, yanzu mota sai ta yi tafiyar kwana, kuma da kirya da marke ake nema, yanzu har kaɗanya da ɗorawa ake kayarwa, itacen da mata ke samun man kaɗe da daddawa. Kuma mai ƙullin naira ɗari biyu ba shi ke cinye daji ba, ku tambayi itacen da gidajen burodi ke ƙonawa kullum, ku tambayi tirelolin da ke wucewa da gawayi zuwa tashar jirgin ruwa, ku tambayi yadda aka kwashe madobiya a Taraba aka kai Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya. In gas ya yi sauƙi yau, babana da kansa zai koma sayar da gas.

Baba Malamin Daji:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Injiniya kai ma ka saurare ni. Tambaya biyu kuka cakuɗa. In ana maganar rage hayaƙin duniya, mainar Abba ba za ta yi komai ba, wannan na masu masana'antu ne kuma a ci gaba da bin su bashi. In kuma ana maganar yadda za mu rayu cikin zafin da ya riga ya zo, ɗakin yaran Maman Hanifa da geron mutumin Tibiri da rairayin Yusufari, wannan ba wanda zai taso daga Turai ya yi mana. Ambaliyar ma da ka ambata, ƙasar da ba tsiro ruwa ba ya shiga cikinta, gudu yake ya kwashi yashi ya cike kogi da madatsa, ga kwatocin da muka toshe da ledar fiya wata da hannunmu.

Injiniya Bash:
Baba na karɓi rabon nan. Sai dai Alau kam rashin gyara ne, a nan ba zan sassauta ba, kada a fake da sauyin yanayi ko da bishiya a wanke masu laifi.

Sani Mai Shayi:
Ni dai har yanzu ban gamsu da maganar turawa ba amma inuwa kam ina so, rumfata kwano ce da azahar ba mai iya zama. Abba in kuna rabo a sa da ni guda ɗaya.

Abban Gumel:
Na karanta duka sau biyu, Allah ya saka da alheri. Na tura wa yaran, mun yi magana bayan isha. Bana guda 40 za mu dasa, maina da zogale da 'yar tsamiya, ba turare, kuma ba za mu ba kowa ba sai ya fara kawo abin kewayewa, ko tsohon kwando ko bulo ko ƙaya, a rubuta sunansa a littafi, duk ƙarshen wata mu zagaya. 17 ɗin nan ma za mu raba su ga gidajen da ke kusa. Anti Zee ki turo min yadda ake rubuta takardar neman bayani, muna so mu san nawa aka ware wa ƙaramar hukumarmu. Malam na Tibiri, gonar babanmu cike take da kututturen sabara da kalgo, duk shekara ni ne ma nake sare su. Yaushe ya fi a yi datsar? Kuma ya zan shawo kan tsoho, don na san zai ce tsuntsaye za su cinye masa gero.

Ɗan Tibiri:
Yanzu ne lokacin, sadda ake sharar gona kahin ruwa ya sauka, sai ka sake bi bayan girbi. Ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Tsoho kuma kada ka yi gardama da shi, haka iyayenmu sunka ce. Ka roƙe shi kusurwa guda ta gonar, ka bar kututture goma kawai, ka ɗaura masu jan tsumma don masu kiwo da masu neman icce su san da mai su. Rassan da ka datse ka kai ma Inna ta hura wuta, ita za ta taya ka magana.

Baba Malamin Daji:
Na bakin titin kuma ku nemi tsofaffin tuluna ko robar lita biyar, a huda ƙasanta da ƙusa a binne gefen dashen a bar bakin a waje. Cikawa biyu a sati ta isa har Mayu. Abba ka turo lambarka ta akwatin sirri, akwai wani tsohon yarona da ke renon dashe a Haɗeja, zan ce ya ware muku masu ƙwari tun yanzu kafin 'yan kwangila su kwashe.

Maman Hanifa:
Baba zogale zai yi a cikin bokitin fenti? Tsakar gidan namu duk siminti ne.

Baba Malamin Daji:
Zai yi 'yata, ki huda ƙasan bokitin, ki haɗa yashi da taki, in ya kai ƙugunki ki tsinke kan don ya yi rassa.